Ku Tambaya Mu Amsa: Ofis na Legas, mai shi na hanya

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, matasanmu na nan Legas da suke cin abinci da laftop, masu aikin nazarin alƙaluma da masu ƙirƙirar ƴan manhajoji, kowa na so ya ɗan leƙa waje ba tare da ya rufe shago ba. Na zaɓi guda biyar, na taƙaita wasu saboda tsawo, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Slm Malam, fatan kana lafiya ya iyali. Ni ɗan Agege ne, ina da ƙaramin kamfani na nazarin alƙaluma, mu huɗu ne har da ni, muna haɗa wa ƴan kasuwa rahoton ciniki da manhajojin Power BI da Looker Studio, yawancin kwastomominmu a nan Legas suke sai guda ɗaya a Ingila. Bayan haka ina da manhajoji biyu da na rubuta da kaina, ɗaya ta rubuta bashi ce ga masu shago, ɗayar kuma ta tura wa kwastoma rasit ta WhatsApp. Wlh na gaji da go-silo da kuɗin wuta, ina so in yi kamar wata shida ina yawo, Kigali, Istanbul, daga nan Kuala Lumpur, ina aiki daga can. Dan Allah zai yiwu ko ruguza abin da na gina zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara buɗi. Gajiyar da kake faɗa ba wanda zai ce ƙarya kake, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka zo aka ɗaga kuɗin wutar ƴan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, duk mai ƙaramin ofis a garin nan ya ji a jikinsa. Kuma zai yiwu, mutane na yi. Amma kafin ka sayi tikiti ina so ka yi wani gwaji da ba zai ci maka ko kwabo ba. Ka zauna a gidanku a Agege sati biyu cur, kar ka taka ofis, kar ka je wajen kwastoma ko ɗaya, wayarka ma ka sa mata lokaci, misali daga azahar zuwa magariba kawai ake samunka. Ka ajiye littafi a gefe, duk abin da ya tsaya saboda ba ka nan ka rubuta shi. Abin da ka tarar a littafin nan shi ne ainihin aikin da ke gabanka, ba neman biza ba.

Kuma na san kusan abin da za ka gani, don aikin nan duk halinsa ɗaya ne. Ranar Litinin da safe rahoton wani Alhaji zai fito fanko, ba don sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai a intanet, ta faɗi ba, kawai yaron da ke shigar da ciniki a shagonsa ya ƙara wani layi a Google Sheets ko ya rubuta kwanan wata da wani salo daban, duk lissafin ya wargaje, Alhaji kuma ba imel zai turo ba, kira zai yi, kuma lambarka zai kira don kai ya sani, kai kuka sha shayi tare ranar da aka ƙulla cinikin. In ya kira sau uku ba ka ɗauka ba, a ransa ka gudu da kuɗinsa. To tambayar ita ce, cikin yaran nan uku naka wa zai iya gyara wannan ba tare da ya neme ka ba, kuma wa Alhaji zai yarda ya saurara? In babu, ba ka da kamfani tukuna, kana da sana'ar hannu ne da masu taya ka. Ka ɗauki wanda ka fi yarda da amanarsa ka fara shiga da shi wajen kwastomomi tun yanzu, ka gabatar da shi da bakinka, ka ce Alhaji ga wane, abin da ya faɗa ni na faɗa. Ka ƙara masa albashi ko ka yanka masa wani kaso a rubuce, don ba adalci ba ne ka ɗora wa mutum nauyin maigida a kan albashin yaron shago. Sannan kowane kwastoma a rubuta masa takarda ɗaya tak, ina bayanansa ke fitowa, ƙarfe nawa rahoto ke sabuntawa, me ya saba lalacewa, wa ake kira a can ɓangarensu.

Sai maganar agogo, wadda samari ke rainawa. Kigali awa ɗaya kawai take gaban Legas, wannan ba komai. Istanbul awa biyu, shi ma da sauƙi, har ka samu safiya mai tsawo ta yin aiki kafin wayoyi su fara. Amma Kuala Lumpur awa bakwai ce, ma'ana ƙarfe tara na safen Legas ƙarfe huɗu na yamma ne a can, lokacin da kwastomanka ke neman ka da la'asar ɗinsa kai kana sha ɗaya na dare. Sati ɗaya za ka jure, wata biyu kuwa ko barcinka ya lalace ko asubarka ko aikin, wani lokacin duka ukun. Ni shawarata ka bar Asiya sai wani zagayen, ka fara da inda rana ke fitowa kusan tare da tamu. Kuma ka zauna wuri ɗaya aƙalla wata guda, masu tashi kowane kwana huɗu rabin ransu a filin jirgi da neman masauki mai intanet yake ƙarewa.

Manhajojin nan biyu kuwa, ka yi haƙuri zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba, taura biyu ba ta taunuwa, balle uku, balle a kan hanya. Manhaja ba a gama ta a huta. Ta rasit ɗin nan da ta dogara da WhatsApp, duk ranar da Meta, masu WhatsApp ɗin, suka sauya farashi ko ƙa'ida dole ka zauna ka gyara, ta bashin kuma masu shago ne ke amfani da ita, ranar da lissafin bashin wani ya ɓace ba zai jira ka sauka daga jirgi ba. Ka buɗe lissafinka ka duba wacce ce ke da mutanen da suke biya wata-wata ba tare da ka roƙe su ba. Ita ka riƙe. Ɗayar ka daina ƙara mata sabon abu, ka bar ta tana aiki yadda take, ko ka sayar, ko ka sanar da masu amfani da ita da wuri ka ba su hanyar kwashe bayanansu ka rufe cikin mutunci. Kamfanin nazarin shi ke biyan albashin mutum huɗu, shi ne uwa, kar ka bari kwaɗayin abin da wataƙila zai yi girma ya cinye abin da ke ciyar da ku yau.

Abu na ƙarshe gare ka, kar ka ɓoye wa kwastoma cewa ka yi tafiya. Wasu na yin haka, ana kiransu suna cewa ina Ikeja yanzu zan iso. Mutanenmu ƴan kasuwa ne jikokin fatake, sun san tafiya, ba ta ba su tsoro, ƙarya ce ba sa yafewa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni matar aure ce a Idi-Araba, ina aikin alƙaluma ni kaɗai daga gida, maigidana zai je karatu waje kuma zan bi shi na wani lokaci. Damuwata kuɗi ne, yaya zan riƙa karɓar biya, kuma yaya zan biya kuɗin sabar da sauran kayan aiki da ake biya da dala?

AMSA: Barka kadai ƴar'uwa, Allah ya sa a je a sa'a. Fara da abin da ya fi ƙanƙanta kuma ya fi tsayar da mutane, wato layin wayarki. Lambar sirrin da banki ke turowa kafin kuɗi ya fita ta wannan layin take zuwa. Na san wadda ta bar ƙaramar wayarta a durowa a gida don ta ce ai can sabon layi za ta saya, ranar biyan kuɗin sabar sai da aka tashi ƙaninta da dare ya fasa durowar yana karanto mata lambobi, kafin ya gama karantawa lokacin lambar ya wuce. Ki tafi da layinki, ki tabbatar an buɗe masa romin, wato ya riƙa aiki a ƙasar waje, kuma an haɗa shi da NIN, ki riƙa sa masa kati lokaci-lokaci don layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya karɓewa ya ba wani. Ki je banki da ƙafarki kafin tafiya ki karɓi token, wato ƴar na'urar da ke ba da lambar sirri ba sai da layin waya ba, ki sanar da su za ki yi tafiya, ki duba ranar da katinki zai mutu.

Wajen karɓar kuɗi, kwastomomin gida su ci gaba da biya a asusun kasuwancinki na naira, in kuma kina da abin da ake biya wata-wata, kamfanonin karɓar biya irin Paystack da Flutterwave duk suna cire kuɗi da kansu daga katin kwastoma. Na waje kuma ki buɗe asusun dala a bankinki, ki haɗa da hanya ta biyu irin Payoneer, don kar ki taɓa dogara da ƙofa ɗaya. Ki tuna a 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira ke iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa. Abin da aka taɓa rufewa ana iya sake rufe shi, don haka ki mallaki katin dala na daban saboda kuɗin sabar.

Amma abin da na fi so ki kula da shi shi ne farashi. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya sa hannu a kwangilar shekara da naira alhali sabarsa da lasisin manhajarsa da dala yake biya, aikin banza ya yi wa mutane wannan shekarar, wasu har da ciko daga aljihu. Ke kuma yanzu har abincinki da hayarki za su koma kuɗin waje. Ki rubuta a yarjejeniya cewa za a sake duba farashi duk wata uku, ki karɓi rabin kuɗi kafin fara aiki, kuma kar ki ji kunyar wannan, ba rashin tausayi ba ne. In ba ki yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ki yi kafin ki tashi, dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Batun haraji kuma ki zauna da akanta na awa ɗaya, saboda sababbin dokokin haraji sun fara aiki a Janairun 2026, kuma ƙasashe da yawa in kin kai kwana 183 a cikinsu suna ɗaukarki mazauniya mai biyan haraji.

TAMBAYA: Yallabai abokina ya ce bizar yawon buɗe ido ta isa, ba wanda zai san kana aiki a ɗaki. Haka ne? Daga Obalende.

AMSA: Abokinka gaskiya ya faɗa a rabi, da wuya a ƙwanƙwasa maka ƙofa, amma bizar ziyara a ƙasashe da yawa ba ta ba ka izinin aiki ba, kuma mu masu koren fasfo in aka buga mana tambarin saɓa doka sau ɗaya yana bin mu shekaru, har ya shafi na bayanmu. Akwai hanya mai tsabta. Ƙasashen ECOWAS irin Ghana, Senegal, Benin da Togo kana shiga ba biza har kwana 90, Ruwanda na ba ƴan ƙasashen Tarayyar Afirka kwana 30 kyauta. Sannan akwai bizar da aka yi musamman don masu aiki daga nesa, Estoniya da Dubai da Moriishas sun fara tasu a 2020, Fotugal da Namibiya a 2022, Sifaniya a 2023. Kusan dukkansu shaidar samun kuɗi suke nema, Fotugal misali ninki huɗu na mafi ƙarancin albashinsu take so ta gani duk wata, ga inshorar lafiya. Ka karanta sharuɗɗan a shafin ofishin jakadancin da kanka kar ka biya ɗan kamasho a kan jita-jita. Bizar Shengen ta ziyara, wadda ake shiga ƙasashen Turai da dama da ita, kwana 90 ne cikin kowane 180, ba a yi mata wayo. Kar ka manta da katin rigakafin shawara.

TAMBAYA: Malam muna riƙe da bayanan wani kantin magani mai rassa, akwai sunaye da lambobin waya da irin maganin da mutane ke saya. In na tafi da laftop ɗina waje akwai matsala? Daga Sabo, Yaba.

AMSA: Akwai, kuma na ji daɗi da ka tambaya don da yawa ba sa ko tunanin abin. Wannan da ke hannunka sirrin mutane ne, wata ba ta gaya wa ko mahaifiyarta ciwon da take sayen wa magani ba amma ga shi a layi na ɗari uku a fayil ɗinka. Amana ce tun kafin a zo maganar doka. Dokar ma tana nan, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023, hukumar NDPC ke kula da ita, ta yi magana a kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, kuma in bayanai suka fita ta hanyar da za ta cutar da masu su, awa 72 aka ba mai alhakin ya sanar da hukuma, kai kuma da kake yi masa aiki dole ka sanar da shi nan take. In kana da kwastoma a Turai, dokarsu ta kare bayanai, GDPR, da ta fara aiki a Mayun 2018 ita ma tana kanka.

A aikace, kar ka ɗauki bayanan a laftop kwata-kwata. Su zauna a sabar, kai ka shiga daga nesa ka yi aiki ka fita. Yawancin rahoton ciniki ma ba ya buƙatar suna, a goge sunaye da lambobi a sa wa kowa lamba kafin abin ya iso gare ka. Ka kulle faifan laftop ɗin da manhajar kulle bayanai irin BitLocker ko FileVault, ka daina hawa wayfay ɗin otal da na filin jirgi haka tsirara ba VPN, wato manhajar da ke ɓoye abin da kake turawa ta intanet, ka cire tabbatar da shiga daga tes ka mayar kan manhajar tantancewa. Ka nemi izinin mai kantin a rubuce. Sannan ka san inda za ka, a Chaina Google da WhatsApp ba sa aiki kai tsaye, masu zuwa Guangzhou sayen kaya sun sani, a Dubai kuma kiran murya na WhatsApp a toshe yake. Gida ma ba a tsira ba, ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse ta wajen Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi a Legas sun sha wuya kwanaki, don haka in akwai yaran da ka bari a ofis su ma a tanadar musu layi na biyu daga wani kamfani daban.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne, ina sayar da hatsi a Mile 12 shekara da shekaru, jikata ce ta rubuta min wannan. Ɗana ya gama jami'a, ya ƙi zama a rumfa, kullum yana kan kwamfuta, yau ya ce yana Accra gobe ya ce Kigali, kuɗi kuma na shigo masa har yana turo wa mahaifiyarsa. Ya ce lissafi yake yi wa kamfanoni. Hankalina bai kwanta ba, ina tsoron kar ya zama irin yaran nan ƴan yahu, in ci haram ban sani ba. Ka gaya min gaskiya tsakaninka da Allah.

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma ya saka da alheri da wannan tsoron, don uban da ke tambayar daga ina kuɗin ɗansa ke fitowa ya yi ƙaranci. Ban san ɗanka ba, ba zan rantse a kansa ba, amma sana'ar da ya ambata sana'a ce ta gaskiya kuma halas, kuma kai ma Baba kana yin ta ba da kwamfuta ba. Lokacin da ka buɗe littafin ciniki ka ga wake ya fi tafiya gab da azumi, ka ga wace mai abinci ce ke biyan bashi ranar Juma'a ba fashi wace ce sai an bi ta, ka yanke shawarar buhu nawa za ka sa a ɗoro maka daga Dawanau kafin farashi ya tashi, to wannan shi ne aikin. Bambancin kawai, kamfanin da ke da rassa ashirin da ciniki dubbai a rana ba kan mutum ɗaya da zai riƙe, sai su ɗauki irin ɗanka ya tattara lissafin ya fito musu da shi a allo ɗaya, maigida ya duba da safe ya san wane kaya ke kwance, wane reshe ke asara, ina kuɗi ke zurarewa. Tunda ta intanet lissafin ke zuwa masa, yana iya yi daga Mile 12 yana iya yi daga Kigali.

Ga yadda za ka gane, kuma ba sai ka iya boko ba. Ka kira shi ku zauna, ba da faɗa ba, ka ce ya nuna maka takardar rajistar kamfaninsa, jikarka za ta iya duba sunan a shafin CAC ta waya. Ka tambaye shi wa yake yi wa aiki. Mai sana'ar gaskiya zai ambaci kamfani mai ofis da adireshi, zai nuna maka takardar yarjejeniya da takardar neman biya da ya tura musu, kuma kuɗin a asusu mai sunansa ko sunan kamfaninsa yake sauka. Wanda ke damfara ba ya iya nuna waɗannan, asusun wasu yake ara, sunansa na aiki daban da wanda ka raɗa masa, kuɗinsa kuma ba shi da tsari, yau miliyoyi gobe babu. In ya yi nuƙu-nuƙu ko ya fusata da tambayar, to ka sa manyan gida a maganar da wuri.

In kuma ya nuna maka komai a fili, ina roƙonka Baba ka sa masa albarka da bakinka ya ji, don yaran nan da yawa suna ɗauke da zargin gida da na hanya a lokaci guda, a tare su a titi saboda jakar laftop, su dawo gida a yi musu kallon tuhuma. Sannan ka ba shi aiki. Ka miƙa masa littattafan rumfarka na shekara biyu da suka wuce, har da na bashi, ka ce kafin ya sake tafiya ya zauna da kai ya nuna maka wata nawa ne kuɗinka ya fi kwanciya a hannun mutane da kuma wane hatsi ne ke cin kuɗin ajiya ba ya mayarwa. Shi kuma ka ɗora masa sharaɗi ya riƙa gaya muku ƙasar da yake da adireshin masaukinsa da lambar wani da ke kusa da shi a can, kuma ya kira mahaifiyarsa da murya ba tes ba.

Masu tambaya a kan ɗaukar ma'aikaci na farko da yadda ake raba hannun jari tsakanin abokai, saƙonninku sun iso, su za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.